Taron Dangi a Kan Baƙin Ƙuda: Tarihin Yaƙi da Makantar Kogi a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya tashi daga Kaduna ya nufi Kafanchan, ya bi ta Kujama da Kasuwan Magani, ya wuce Idon da Kachia da Zonkwa, ba sai an gaya masa ya bar ƙasar rairayi da ƙaya ba. Nan ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da ruwan sama mai yawa. Koguna da rafuka suna gangarowa daga tsaunukan Filato da na Kagoro, suna bi ta kan fa da gudu, a wani wuri su yi kumfa fari fat, a wani wurin kuma su zubo daga bisa kamar yadda ake gani a Matsirga, kusa da Kafanchan. Wannan ruwa shi ne arzikin yankin, domin albarkacinsa ake samun citta da doya da masara da acca da shinkafar fadama. To, amma a cikin irin wannan ruwa mai gudu ne kuma wani ɗan baƙin ƙuda yake hayayyafa, wanda girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ya raba dubban manoman Arewacin Nijeriya da ganinsu tun suna da sauran ƙarfi.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen yadda aka yaƙi wannan cuta, wadda ake kira makantar kogi, a Jihar Kaduna, da kuma irin hannayen da suka taru a kan aikin daga sassa daban-daban na duniya. Galibi idan ana ba da wannan labari, akan faro shi daga Japan, a ratsa ta Amurka, a dire a Suwidin inda aka ba da lambar yabo ta Nobel a 2015. Ba mu da ja a kan haka. Sai dai a ganinmu labarin ya yi giɓi, domin akwai tambayoyi biyu da maganin bai zo da amsarsu a cikin kwalba ba. Ta farko, shin yana hana makanta? Ta biyu, shin zai iya kawar da cutar ɗungurungum? Ƙauyukan Jihar Kaduna suna cikin 'yan wuraren da duniya ta samo amsar tambayoyin nan, kuma a fatar mazaunansu da idanunsu aka karanta ta.

Ƙuda da Tsutsa

Kafin mu shiga tarihi, ya kyautu mu san abokin gaba. Ainihin mai haddasa cutar wata tsutsa ce siririya kamar zare, wadda macenta kan kai tsawon rabin mita. Tana zama a ƙarƙashin fatar mutum, a dunƙule cikin wani kullutu marar zafi da akan ji a ƙugu ko haƙarƙari ko gwiwa, kuma takan rayu shekara 10 zuwa 15. A tsawon wannan zama, kowace rana tana zubo ɗaruruwan 'ya'ya waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke yawo a cikin fata. Idan suka mutu, jiki ya tashi yaƙi da gawarsu, sai a sami ƙaiƙayi irin mai hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko tsingaro. Da tafiya ta yi nisa fata takan yi kaushi, ta yi yaushi irin na tsufa, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare. Waɗanda suka shiga ido kuwa, sannu a hankali suke ɓata shi, wasu ta gaba inda baƙin ido ke rufewa da fari, wasu ta baya inda jijiyar gani ke mutuwa. Ba a kwana da ido a tashi makaho. Shekaru ake yi ana shan cizo, tsutsa tana taruwa, shi ya sa yawanci sai mutum ya kai shekara 30 ko 40, daidai lokacin da gida ya rataya a wuyansa, sannan duhu ya rufe shi.

Ƙudan ɗan aike ne kawai. Macen ce ke cizo, da rana, ta tsotsi 'ya'yan tsutsa daga fatar wani, su yi kamar mako guda a cikinta suna girma, sannan ta juye wa wani. Ba ta yin ƙwai a ruwa mai kwanciya kamar sauro. Sai ruwa mai gudu da ke dukan dutse, inda 'ya'yanta ke maƙale wa ganye da fa na 'yan kwanaki kafin su yi fiffike. Saboda haka taswirar cutar ita ce taswirar koguna: ƙauyen da ya fi kusa da ruwa shi ya fi yawan makafi. A wurare da dama na Afirka ta Yamma mutane sun bar fadamu masu albarka, suka koma tudu mai tsakuwa suna noman wahala.

Sanin wannan sarƙa ma da hannu da yawa aka haɗa shi. Wani likitan sojan ruwan Ingila, John O'Neill, ya ga 'ya'yan tsutsar a fatar masu ƙaiƙayi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya bayyana haka a 1875. Rodolfo Robles ya danganta tsutsar da ciwon ido a Gwatamala a 1915. Donald Blacklock kuma ya tabbatar a Saliyo, a 1926, cewa baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta.

Zamanin Umarni

Turawan mulkin mallaka ba da wannan ƙuda suka fara ba. Wanda ya fi tsone musu ido shi ne ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, domin annobar ciwon barci da ta mamaye lardin Zazzau da maƙwabtansa a shekarun 1930 tana cin masu biyan haraji da 'yan ƙwadagon kuza. A 1937 aka ɗora harsashin shirin Anchau, a ƙasar Zazzau, wanda masanin ƙwari T.A.M. Nash ya yi suna a kansa. An sassabe kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil kusan 700, aka tashi mutane kimanin 5,000 daga matsugunansu, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ragu, wannan ba a musu. Amma aiki ne na umarni, daga Di'o zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci. Talaka kuwa nasa shi ne ya miƙa wuya a latsa a ji ko akwai kaluluwa, ya miƙa hannu a yi masa allura, ya ɗauki gatari ya shiga sassabe. Mun kawo wannan ne domin mai karatu ya riƙe shi a zuciya, saboda idan muka iso shekarun 1990 za mu ga an juya tsarin, ƙasa ta koma sama.

Daga wannan gwagwarmaya ce aka kafa Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Afirka ta Yamma a 1947, mai hedikwata a Kaduna da reshe a Vom, domin ta yi wa ƙasashe huɗu aiki: Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Bayan samun 'yanci kowa ya kama gabansa, cibiyar ta zama ta Nijeriya ita kaɗai a 1964, daga baya kuma aka ƙara mata binciken makantar kogi a cikin ayyukanta.

A shekarun 1950 ne hankali ya fara karkata ga baƙin ƙuda. Wani likitan ido, F.H. Budden, ya zaga lardunan Arewa yana duba idanu ƙauye-ƙauye, ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 20,000 cutar ta makantar a Jihar Arewa. Masanin ƙwari R.W. Crosskey kuma ya bi koguna yana neman mahayayyafar ƙudan. A 1956 aka fara zuba maganin DDT a kogunan tsohuwar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja. Ƙudan ya ragu muddin ana zubawa, da an saki kuwa sai ya komo daga kogunan da ba a taɓa ba. Ta fuskar magani kuma abin ba daɗi. Ƙwayar Banocide tana kashe 'ya'yan tsutsa, amma ta kashe su farat ɗaya, sai jiki ya kumbura, ƙaiƙayi ya ninku, wani lokaci ma ta ƙara ɓata idon da ake son ceta. Allurar suramin kuwa tana kashe uwar tsutsa, amma tana taɓa ƙoda, har takan yi kisa. Likita ba zai ɗauki ɗayansu ya raba wa gari guda ya juya baya ba.

Jiragen Wagadugu

A 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya ziyarci ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ya ga yara suna jan iyayensu makafi da sanda. A 1974 Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa wani gagarumin shiri mai hedikwata a Wagadugu, wanda ya fara da ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Binin, daga baya ya kai 11. Dabarar mai sauƙin faɗi ce: tunda uwar tsutsa ba ta wuce shekara 15, to a hana ƙuda hayayyafa na tsawon wannan lokaci, tsutsar da ke jikin mutane za ta tsufa ta mutu ba magaji. Kowane mako jirage masu saukar ungulu suna bin dubban kilomitoci na koguna suna zuba maganin ƙwari a inda ruwa ke gudu.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a nan shi ne, ba a bar masu feshi su zama alƙalan kansu ba. An kafa kwamitin masana muhalli mai zaman kansa, aka riƙa kama kifi da ƙananan halittun ruwa ana ƙirgawa shekara da shekaru, domin a tabbatar ba a kashe kogi garin kashe ƙuda ba. Da ƙudan ya fara jure wa maganin farko a Kwaddibuwa a 1980, sai aka shiga sauya magunguna bi da bi, ciki har da wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, mai kashe 'ya'yan ƙuda ta bar kifi. An kuma gano iska tana kwaso ƙudan daga nisan ɗaruruwan kilomitoci, abin da ya tilasta faɗaɗa shirin yamma da kudu. Wani likita ɗan Gambiya, Ebrahim Samba, ya ja ragamarsa daga 1980 zuwa 1994. Ko da aka rufe shi a 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma 'yanto hekta miliyan 25 ta ƙasar noma.

Nijeriya fa? Iyakar shirin ta tsaya a Binin da Nijar. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ɗauke da cutar tana waje tana kallo. Jirgi bai taɓa zuba wa kogin Kaduna ko Gurara ko Mariga wannan magani ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa nata shirin a 1982, amma shiri ne da ba shi da makami a hannu.

Daga Turɓayar Japan

Makamin ya fito ne daga inda ba a zata ba. Satoshi Omura, masani a Cibiyar Kitasato da ke Tokiyo, yana da al'adar ɗibar ƙasa a 'yar jaka duk inda ya je, ya kai ɗakin bincike ya raini ƙwayoyin halittar da ke cikinta. A farkon shekarun 1970 ya ɗebo wata ƙasa a gefen filin wasan gwalf a yankin Shizuoka. Aka aika abin da aka raina daga cikinta zuwa kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell, haifaffen Ailan, da abokan aikinsa suka tarar yana kashe tsutsar ciki ta dabbobi fiye da duk abin da suka taɓa gani. A 1981 aka fitar da shi kasuwa da sunan aibamektin, maganin shanu da dawaki da tumaki. Har gobe makiyayi yana sayensa don garkensa.

Wanda ya tsallakar da shi daga dabba zuwa mutum shi ne Mohammed Aziz, likita haifaffen Bangaladash, wanda ya taɓa aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Afirka, ya san cutar ido da ido. A 1981 ya gwada shi a kan mutum 32 a Dakar. Sha ɗaya ya share 'ya'yan tsutsa daga fata na watanni, ba tare da azabar Banocide ba. Matsalar ita ce masu buƙatarsa ba su da abin saye. A watan Oktoba na 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya yi shelar cewa za su ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai buƙata, har iya lokacin da ake buƙata. Aziz bai ga ƙarshen aikin ba, domin a wannan shekarar ya rasu.

Ƙauyuka 34

Samun magani daban, sanin iyakar amfaninsa daban. An ga yana wanke gaban ido. Amma a ƙasashen dajin savana irin namu, kaso mai yawa na makantar daga baya take zuwa, daga mutuwar jijiyar gani, kuma an riga an ga Banocide yana tsananta wannan. Idan sabon maganin ma haka yake, to raba shi ga miliyoyin mutane zai zama gyaran gangar auzinawa. Ana buƙatar gwaji babba, mai tsawo, a wurin da ake da ƙwararrun likitocin ido.

A Kaduna aka same su. Farfesa Adenike Abiose, likitar ido ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda ta shugabanci Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ita ta jagoranci aikin, tare da Farfesa Barrie Jones, haifaffen Niyuzilan da ya kafa cibiyar lafiyar ido ta ƙasa da ƙasa a Landan, da wasu masana daga can da nan. Shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tallafa. A ƙarshen shekarun 1980 aka zaɓi ƙauyuka 34 a Jihar Kaduna. Aka rubuta sunayen mazauna daga ɗan shekara biyar zuwa sama, aka ɗan yanki fata kamar ƙwayar gero daga jikin kowa aka ƙirga 'ya'yan tsutsar da suka fito, aka duba idanu ciki da waje. Sannan aka raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suna shan maganin sau ɗaya a shekara, wasu suna shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta. Haka aka yi shekara uku.

Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta Lancet a 1993. Daga cikin manya 3,522 da aka sake dubawa, mutum 116 jijiyar ganinsu ta lalace a lokacin gwajin: 45 daga masu shan magani, 71 daga masu shan ƙwayar wofi. A cikin waɗanda tsutsa ta yi wa yawa a fata, maganin ya rage aukuwar wannan lalacewa da kusan rabi. Wannan ita ce amsar tambaya ta farko.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan lambar nan ta 71. Mutane ne masu suna da gona da iyali, kuma lissafi ya nuna da wasu daga cikinsu sun faɗa ɗaya kason, da ganinsu bai taɓu ba. Masu binciken suna da hujja, domin a lokacin ba wanda ya san ko maganin zai gyara ko zai ɓata, kuma ba wata hanyar sani sai wannan. Mun yarda da hujjar. Amma idan ana lissafin waɗanda suka ba da gudummawa ga wannan nasara, ana ambaton mai ƙasa da mai kamfani da mai kuɗi, to waɗannan ma sun ba da tasu, kuma tasu ba ta dawowa. Mun kuma san abin da kan faru idan aka yi wasa da irin wannan amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, aka rasa 11, aka shiga shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Tazarar Kano da Kaduna ba ta da yawa, tazarar shekarun ma haka.

Wani abu kuma ya fito daga aikin Kaduna wanda ba a cika faɗa ba. Likitar fata Michele Murdoch da abokan aikinta, ciki har da Abiose da Jones, sun fitar da tsarin rarraba nau'o'in lalacewar fata da cutar ke jawowa, a 1993, wanda aka riƙa amfani da shi a sauran ƙasashe. A daidai wannan lokaci wata masaniya 'yar Nijeriya, Uche Amazigo, ta nuna daga bincikenta a yankin Inugu yadda ciwon fatar ke hana 'yan mata aure da hana uwa shayarwa cikin natsuwa. Wannan ya sa duniya ta gane cewa ko inda cutar ba ta makantarwa sosai, tana cin mutunci da barci da aiki.

Sanda da Littafi

A 1995 aka kafa sabon shiri na Afirka, wanda aka fi sani da APOC, domin ƙasashe 19 da shirin farko ya bari a waje, wannan karon har da Nijeriya. Ba jirgi, ba feshi sai a 'yan wurare. Matsalar da ke gabansa ita ce: maganin yana kashe 'ya'ya ne, uwa kuwa sai dai ya hana ta haihuwa na wani lokaci. Dole a sha shi kowace shekara har uwar ta tsufa ta mutu, kuma dole mafi yawan gari su sha. Wane ma'aikacin lafiya ne zai kai ƙwaya kowane ƙauye da ke bayan rafi, da damina da rani, shekara 15 ba fashi? Tun farko da mota ake zuwa, da ma'aikata da sikeli. Idan mota ta iso mutane suna gona, shi ke nan sai baɗi.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa idan aka bar wa gari aikin, ya fi yin kyau. Sai aka ɗauki wannan a matsayin tsari. Gari zai taru ya zaɓi mai rabo daga cikinsa, ya tsai da lokacin da ya dace da shi, ya yanke ko gida-gida za a bi ko a dandali za a taru. Sikeli kuma aka ajiye shi, aka maye gurbinsa da sanda mai zane. Wanda tsayinsa bai kai santimita 90 ba, ba ya sha. Daga nan zuwa sama, ƙwaya ɗaya zuwa huɗu gwargwadon zanen da kansa ya kai. Mai ciki da mai ciwo mai tsanani a tsallake su sai wani zagaye. Mai rabo yana riƙe da littafin da aka rubuta kowane gida da mutanensa. A Jihar Kaduna, Ma'aikatar Lafiya ce ta riƙe aikin tare da ƙungiyar Sightsavers, wadda wani makaho ɗan Ingila, John Wilson, ya kafa a 1950. Jama'a kuma sun karɓi ƙwayar hannu biyu saboda wani dalili nasu: tana fitar da tsutsar ciki, tana maganin ƙazuwa da ƙwarƙwata, amfanin da ake gani cikin kwanaki, ba sai an jira shekaru ba.

A nan ne muke ganin bambanci da zamanin Anchau. Can hukuma ce ke da sani da iko, talaka ana aiki a kansa. Nan manomi ne ko malamin firamare ko matar aure, Ba'adare ko Bajju ko Bakurme ko Bahaushe, ke riƙe da sanda da littafi, yana bin gidan da ake kiran salla da gidan da ake zuwa coci. Sai dai kada mu yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Masu rabon nan ba su da albashi. Abin da gari ya ga dama shi yake ba su, wani wuri a taya su noma, wani wuri sai godiya. An yi ta yaba wa shirin da cewa yana da arha, alhali wani ɓangare na arhar gumin waɗannan mutane ne da ba a saka a lissafi ba. Makiyaya masu tashi kuwa, waɗanda suka fi kowa zama a bakin ruwa, sau da yawa littafi ba ya riskar su.

Bayan Shekara Goma Sha Bakwai

A lokacin da aka fara rabon, yawancin masana ba su sa ran ƙwaya kaɗai za ta kawar da cutar a Afirka ba. Burin shi ne a danne ta. Hujja ta farko da ta girgiza wannan ra'ayi daga Mali da Sanagal ta fito, a 2009, amma waɗannan suna cikin yankin tsohon shirin Wagadugu. A 2008 aka koma ƙauyuka fiye da 25 a ƙananan hukumomin Kauru da Lere da Birnin Gwari, waɗanda ake da alƙalumansu tun 1987. A wancan lokaci, daga kashi 23 zuwa kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka duba suna ɗauke da tsutsa a fata, ya danganta da ƙauye. Bayan shan magani na shekara 15 zuwa 17, aka yanki fatar mutum 3,703. Ba a sami tsutsa a jikin ko da mutum ɗaya ba. Aka wallafa wannan a 2012, a matsayin hujja ta farko daga yankin APOC cewa ana iya ganin bayan cutar. Ba a daɗe ba manufar duniya ta tashi daga dannewa zuwa kawarwa, Nijeriya ma ta kafa kwamitinta na ƙasa a kan haka a 2015, shekarar da Omura da Campbell suka karɓi lambar Nobel.

Tabbatar da cewa cuta ta daina yaɗuwa ya fi yankan fata wuya. Ana ɗibar jinin dubban yara 'yan ƙasa da shekara 10, domin su ne shaidar ko an yi sabon kamu a 'yan shekarun nan. Ana kuma kama dubban ƙudaje a kai ɗakin bincike a nemi alamar tsutsa a kawunansu. Kamun ƙudan nan shi ma mutanen ƙauye ke yi: mutum ya zauna a bakin kogi tun hantsi bai ɗaga ba har faɗuwar rana, wando a naɗe zuwa gwiwa, ƙuda na sauka a ƙwaurinsa yana rufe shi da 'yar kwalba kafin ya ciza. Da irin wannan shaida ce aka ayyana, kafin 2020, cewa yaɗuwar cutar ta tsaya a Jihar Kaduna, kamar yadda aka ayyana a Filato da Nasarawa da Kabi da Zamfara. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar, shekara 51 bayan kafa shirin Wagadugu.

Nijeriya ba ta kai nan ba tukuna, domin takardar shaida ta ƙasa ce gaba ɗaya, kuma akwai jihohin da har yanzu ake shan magani. Bayan an daina rabo, ƙa'ida ita ce a ci gaba da sa ido shekara uku zuwa biyar, domin ƙuda yana bin iska, mutum kuma yana bin kasuwa da ci-rani da gudun hijira. Wannan sa ido yana buƙatar kuɗi da hanya. Ta fuskar kuɗi, gwamnatin Ingila ta zaftare tallafinta ga yaƙi da irin waɗannan cututtuka a 2021, Amurka kuma ta rushe hukumarta ta agajin ƙasashen waje a 2025. Ƙwaya kyauta ce, amma mota da mai da ɗakin bincike ba kyauta ba ne, kuma yawancin wannan nauyi baƙi ne suka daɗe suna ɗauka. Ta fuskar hanya kuwa, mun san abin da ya sami yankin. A watan Oktoba na 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ba da lissafin mutum 55 da suka rasa rayukansu. A shekarun da suka biyo baya ƙauyuka da dama a Kajuru da Kauru da Birnin Gwari sun watse saboda hare-hare da satar mutane, wasu daga cikinsu a daidai gaɓar kogunan da ya kamata mai kamun ƙuda ya zauna yini guda shi kaɗai da kwalabensa.